Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Buhun Gero da Lissafin Niyuton

A makon jiya na tsaya ne a shekarar da na shiga lise a Tahoua, ina zaune gidan kawuna, ina taya shi tsaron rumfar hatsi duk ranar da babu karatu. A wannan shekarar malaminmu na fizik ya rubuta mana dokar da Ishaƙ Niyuton, mutumin Ingila, ya fitar a 1687: kowane abu biyu suna jan juna, kuma ana samun ƙarfin jan ne idan aka ninka nauyin na farko da na biyu, aka ninka da wata lamba mai suna G, sannan aka raba da tazarar da ke tsakaninsu ninki kanta.

Zuciyata ba ta karɓi maganar ba, domin na tashi cikin buhuna jingim kuma ban taɓa ganin ɗaya ya matso kusa da ɗan'uwansa ba. Da daddare na ɗauki buhun gero biyu a lissafi, kowanne kilo 100, mita ɗaya a tsakani. Da na saka G, wato 6,67 × 10⁻¹¹, sai amsa ta fito 0,000000667 na niyuton, wato ma'aunin ƙarfi, abin da bai kai ko kusa da nauyin ƙwayar gero guda ba. A nan na gane cewa jan yana nan, ƙanƙantar G ce take ɓoye shi, kuma na jinjina wa Henri Kabendish, masanin kimiyya ɗan Ingila, wanda ya iya gano wannan ɗan ƙarfi da ƙwallayen dalma a 1798.

Sai na gwada buhu ɗaya da duniya, mai nauyin kilo 5,97 × 10²⁴. Nan na yi tuntuɓe har sau biyu. Da farko na ɗauki tazarar daga buhun zuwa daɓen rumfa, alhali dokar tana nufin daga tsakiyar abu zuwa tsakiyar abu, wato kilomita 6371 zuwa cibiyar duniya. Bayan na gyara wannan, sai na manta mayar da kilomita zuwa mita, amsar ta kumbura sau miliyan. Washegari na kai wa malam takardata, ya duba ya ce, "Ɗana, hanyarka daidai ce, ma'auninka ne ya gauraya."

Na sake lissafin a gabansa, amsa ta fito kusan niyuton 981, daidai da abin da muke samu in muka ninka kilo 100 da 9,81, wato lambar da ake amfani da ita wajen lissafin jan duniya a doron ƙasa. Hannuna har rawa yake yi, domin hanyoyi biyu mabambanta sun kai ni gida ɗaya.

Da yamma na ce, "Kawu, ashe nauyin da ke karya wuyan 'yan dako jan duniya ne." Ya ajiye tiyar da ke hannunsa, ya dube ni ya ce, "To me ya hana watan da ke sama faɗowa?" Wannan tambaya ta hana ni barci, kuma daga kanta za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.