Awa uku a Edfu: lissafin da muka yi da Kawu yau

Asabar, Zariya.

Tun bayan azahar ina zauren Kawu a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, sai kiran magariba ya tashe mu. Ɗansa da ke karatu a Alƙahira ya kama wa Kawu da Inna ɗaki a jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido da ke tashi daga Luksor zuwa Aswan a kogin Nilu, kwana huɗu, cikin watan Janairu. Ya turo tsarin tafiyar ta WhatsApp, an buga musu a takarda. A cikinta akwai layi ɗaya da ya ce za a sauka garin Edfu da safe a kai ziyara tsohon haikalinsa. A kan wannan layin muka wuni, domin mai karanta shi zai ɗauka yini guda ne, alhali abin da ake samu a ƙasa bai cika wuce awa uku zuwa huɗu ba.

Na fara masa da dalilin ƙarancin lokacin. Tsakanin Luksor da Edfu akwai madatsar ruwa a garin Esna. Jirgi ba ya wuce ta sai ya shiga wani lungu na kankare mai ƙofa gaba da baya, a rufe ta bayan, a sako ruwa har ya ɗaga jirgin ya yi daidai da ruwan gaba, sannan a buɗe masa. Jirage da yawa kan taso daga Luksor a rana ɗaya, sai su yi layi a nan, wani lokaci na awoyi. Duk abin da layin ya ci, daga lokacin saukar Edfu ake cire shi, saboda ana so a kai zango na gaba, garin Kom Ombo, a ranar. Shi ya sa lokacin da aka buga a takarda ba abin dogaro ba ne. Wanda ake aiki da shi shi ne wanda za a rubuta a allon da ke wajen karɓar baƙi a daren da ya gabata. Na ce, "Kawu, bayan abincin dare ku je ku tsaya gaban allon nan, ku kwafe abu biyu: ƙarfe nawa ake fita, ƙarfe nawa jirgi zai tashi. Na biyun ku rage masa rabin awa, shi ne naku."

Sai maganar agogo. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya a lokacin sanyi. Tun 2023 kuma sun dawo da tsarin ƙara awa a lokacin zafi, daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai tazarar ta zama awa biyu. Wayar da ba ta kama layin can ba takan zauna a kan lokacin gida, mutum yana ganin da saura alhali jirgi ya ɗaga. Kawu yana ɗaura agogon hannu, na ce ya gyara shi da agogon bangon jirgin tun ranar farko.

Sauka daga jirgin ma aiki ce. Bakin ruwan Edfu ba ya ɗaukar jiragen a jere, sai a jingina su gefe da gefe, uku, huɗu, har fiye. Idan naka ne na can ciki, sai ka ratsa ta falon duk waɗanda ke tsakaninka da tudu, kuma a kowace ƙofa akwai ɗan dakali da 'yar tazara da ake tsallakawa. Ga mai ciwon gwiwa irin Inna, wannan kaɗai zai ci minti goma sha biyar, kuma ba a yinsa da silifas mai santsi. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne jiragen suna sauya wuri. Na gefen tudu ya tashi, sauran su matso, wani sabo ya shigo tsakani, ka dawo ka tarar ƙofar da ka fita ba ita ce ba, ga shi duk kamarsu ɗaya. A bakin ƙofa ana ba kowa ɗan kati mai sunan jirgin, da shi suke ƙirga waɗanda ba su dawo ba. A riƙe shi da kyau, a mayar idan an shigo. Na ƙara da cewa su ɗauki hoton sunan jirgin, su sa ma'aikaci ya rubuta musu shi da Larabci tare da lambar wayar jirgin, domin mai keken doki ba lallai ya iya karanta boko ba. Fasfo yawanci yana hannun masu jirgin, kwafinsa ake sawa a aljihu.

Kayan fita ba su da yawa: ruwan gora lita ɗaya ga kowane mutum, maganin da ake sha da safe, takardar share hannu, hula ko lema, da rigar sanyi mara nauyi, don asubar Janairu a bakin Nilu tana da sanyi sosai kafin rana ta ɗago. Sai canji, ƙananan takardun fam na Masar masu yawa, na goma da na ashirin da na hamsin, a aljihu daban da na manyan kuɗi. Mai gadin bayan gida, mai riƙe hannu a matakala, kowa yana sa ran ɗan ihsani, kuma wanda ya zaro babbar takarda ba zai ga canji ba.

Daga bakin ruwa zuwa tsohon haikalin garin tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a keken doki, wanda su suke kira hanɗur. Yawancin ɓacin ran da baƙi ke kwasowa a Edfu daga nan yake fitowa, saboda haka na ja maganar. Da farko a tambayi jagoran jirgi ko kuɗin keken yana cikin abin da aka riga aka biya. In yana ciki, abin da ya rage tsakaninka da mai keke ihsani ne kawai, kuma sai an dawo. In ba ya ciki, a yi ciniki ƙafa tana ƙasa, a kuma fayyace abu uku: kuɗin na zuwa da dawowa ne, na keken gaba ɗaya ne ba na kowane kai ba, kuma fam na Masar ake nufi. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne, akwai mai cewa "fam ashirin", sai an iso ya ce na Ingila yake nufi. Kada a biya komai sai an dawo bakin jirgi, don wanda ya karɓi kuɗinsa duka ba shi da dalilin jira. Kowane keke yana da lamba a jikinsa, a ɗauki hotonta, saboda a filin da suke jira za ka ga kekuna birjik, masu su duk cikin jallabiya da rawani.

Akwai abin da na roƙi Kawu da kaina. Mutumin Zazzau ne, ya tashi yana ganin dawakin hawan sallah, ya san doki mai lafiya. Wasu dawakin Edfu a rame suke, da gyambo a inda ɗamara ke goga, ana zabga musu bulala su yi sukuwa a kan kwalta don a samu a yi sawu biyu. Ya duba kafin ya hau, in dokin bai yi masa ba ya wuce na gaba, in mai keke ya fara gudu ya ce masa ya sassauta. Matakin keken kuma yana da tsawo, yana lilo. In Inna ta ga ba za ta iya ba, akwai keke napep a garin, ko jagora ya samo musu mota tun daren.

Kafin mu kai ga haikalin Kawu ya tare ni da tambayar da na san za ta zo: "To wannan gini na Fir'aunan Annabi Musa ne?" Na ce a'a, ya zo bayansa da ƙarnuka masu yawa. Sarakunan gidan Batlamus ne suka gina shi, Girkawan da suka gaji mulkin Masar bayan Iskandar. An aza harsashinsa a shekara ta 237 kafin haihuwar Annabi Isa, aka gama a shekara ta 57, wato shekara 180 ana aiki. Haikalin na abin bautar mutanen Masar na da ne, Horus, wanda suke zanawa da kan shaho. Yana cikin gine-ginen tsohuwar Masar da suka fi tsira, kuma dalilin shi ne rairayi da ƙasa sun binne shi, har mutanen gari suka yi gidaje a kansa, sai a 1860 wani Bafaranshe, Auguste Mariette, ya fara tone shi. Har yanzu in ka tsaya a farfajiyar za ka ga gidajen gari suna can sama da kai.

Tikiti a tabbatar tun daga jirgi ko an saya. Wuraren tarihi da yawa a Masar yanzu da katin banki ake biya, ba sa karɓar tsaba, kuma katin naira ba kullum yake aiki a waje ba.

A ciki awa ɗaya da minti goma ta isa, in an san abin da ake nema. Bangon ƙofar gaba tsayinsa mita 36, a nan kowa ke tsayawa ɗaukar hoto, a nan kuma lokaci ke zurarewa. Shawarata a wuce shi, a wuce gunkin shahon dutse da ake yi wa layi, a nufi can ƙurya tun jama'a ba su cika ba, sannan a riƙa dawowa baya. A ɗakin ƙarshe akwai wani akwati da aka sassaƙa daga dutse guda, ya girmi ginin kansa, na zamanin sarki Nektanebo na biyu ne. A zauren ginshiƙai a ɗaga kai a ga rufin ya yi baƙi da hayaƙi, a kuma lura da fuskokin zane da aka farfasa da kurfi bayan an daina bauta a wurin. Ta gefen gabas akwai matakala da ke gangarawa ƙasa, inda suke auna cikar Nilu. Ƙasan wurin duwatsu ne marasa daidaito, ɗakunan ciki da duhu, a kunna fitilar waya. In wani mai gadi ya yafito ka zai nuna maka wani lungu, kuɗi zai nema a ƙarshe, a san da haka kafin a bi shi.

Muka zauna muka yi lissafi a bayan takardar. In an fita shida da rabi, jirgi zai tashi goma, to tara da rabi ce iyaka, minti 180 ke nan. Ratsa jirage 15, keke 15, layin shiga 15, cikin haikali 70, fitowa ta layin masu tsaraba 15, komawa 15. Ya kama 145, saura 35.

Wannan 35 ɗin ni dai ba na so a ƙarar da ita wajen cinikin gyale da gumakan roba a bakin haikali. Kayan nan duk akwai su a kasuwar Aswan, inda za a kwana, ga lokaci ga zaɓi. In wani ya ɗora maka kaya a kafaɗa ya ce kyauta ne, a mayar masa nan take. In kuma ya raɗa maka cewa yana da tsohon abu na gaske da aka tono, a bar wurin: ko jabu ne, ko kuma laifi ne, don dokar Masar ta 1983 ta hana cinikin kayan tarihi. Gara a ce wa mai keke ya sauke ku a titin kasuwa kusa da bakin ruwa. Edfu gari ne na manoma rake, akwai kamfanin sukari, kuma Janairu lokacin yanka ne, za a ga taraktoci da amalanke shaƙe da shi. Kawu yana da gona wajen Maƙarfi, na san idonsa zai fi tsayawa a nan fiye da kan bango. A sha ruwan rake da aka matse a gabanka, ba tare da ƙanƙara ba, kuma a sha nan take kafin ya yi baƙi. A sayi busasshen zoɓo, dabino da goruba, a nemi burodin mutanen kudancin Masar da ake shanyawa a rana ya kumbura kafin a gasa. Ganye ɗanye da 'ya'yan itacen da aka riga aka yanka a bar su, gudawa a cikin jirgi ba ƙaramar wahala ba ce. Kada kuma a tsoma ƙafa ko a yi alwala a bakin kogi ko magudanar gona, saboda tsargiya. Masallatai suna nan kusa, mutanen yankin galibi Malikawa ne, alƙibla tana gabas maso kudu. In ranar ta faɗo Juma'a, shaguna da yawa ba sa buɗewa sai an sauko.

Inna ta leƙo daga soro ta ce, "To in jirgin ya tafi ya bar mu fa?" Na ce, Inna, ba ɓata ba ce, kuɗi ne da wahala. A kira lambar jirgin tukuna, don mai yiwuwa matsawa kawai ya yi. In ya tafi da gaske, zango na gaba Kom Ombo ne, kimanin kilomita 60 kudu, kuma mota ta fi jirgin ruwa sauri nesa ba kusa ba, za ku riga shi isa. Tashar jirgin ƙasa tana tsallaken gada a gabashin kogi, amma ga dattawa ɗaukar shatar mota ya fi. 'Yan sandan kula da baƙi da ke ƙofar haikali za su taimaka a samu direba. Saboda irin wannan ne ake ɓoye kuɗin mota a aljihun ciki.

Kom Ombo ba mu daɗe a kanta ba. Haikalin yana kan tudu daf da inda jirgi ke tsayawa, da ƙafa ake hawa, babu keke babu ciniki. A gefensa akwai ɗan gidan tarihi da aka ajiye gawarwakin kadoji da aka busar tun zamanin da. Ana isa da yamma ko bayan magariba, an kunna fitilu, kuma mutanen jirage da yawa sukan fito lokaci guda. Hawan yana da matakala, saboda haka muka tsayar cewa in gwiwar Inna ta gaji da safe, ta zauna a saman jirgin, daga nan ma ana hango ginshiƙan sarai.