Ranar da na canza shokazoba da hannuna

Wata uku motata tana rawa kamar kwalekwale duk lokacin da na faɗa rami, ina ta cewa gobe. Sai ranar da na danna bayanta da ƙarfi na saki, ta yi ta lilo har sau uku kafin ta tsaya. Lafiyayyar shokazoba sau ɗaya take dawowa ta natsu. Na leƙa ƙasa, ga mai ya jiƙe jikin ta hagu.

Biyu na saya, domin ba a canza ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba gefe guda zai fi ɗaya tauri.

Na sassauta notunan taya tun motar tana ƙasa, na ɗaga ta da jak, sannan na tokare ta da ƙafar ƙarfe. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne, ni kam ba na sa kaina ƙarƙashinsa.

Notin ƙasan shokazobar ne ya ba ni wuya. Tsatsa ta cinye shi, sifana tana zamewa, har na ɓare fatar yatsa. Na fesa masa man sassauta tsatsa, na jira rabin awa, na zura bututu a hannun sifana don ƙarin tsawo. Da ƙyar ya yi ƙara ya juya.

Ban ƙarasa ɗaure sababbin ba sai da nauyin motar ya sauka a kan tayoyi, don kada robar da ke maɗaurinsu ta murɗe ta yage da wuri.

Na gaban motar kuwa, da sifirin a naɗe a jikinsu, sai an matse shi da na'ura. Waɗannan na bar wa bakanike.