Lahadi, gawon da ke rabin hanya

Dogo, abokin guduna, ya ce zai zo, bai zo ba, wayarsa ma a kashe. Ana sallame sallar asuba na ɗaure takalma, na cusa dabino da ruwan leda a aljihu, na kama hanyar Keita ni kaɗai. Babban kewayen na yi yau, wanda ke barin hanyar mota ya hau fako, ya bi gindin duwatsu, ya faɗa ƙorama, sannan ya dawo gari ta cikin gonaki.

Farkon gudun daɗi. Bazara ta kama, amma kafin rana ta ɗaga akwai sauran sanyi a kan tudu. Bisa fako ƙafa sakewa take, sai dai a kula da tsakuwa mai mirginawa. Cikin ƙorama kuwa rairayi ke cin gwiwa, dole na rage taku. Ƙarangiya ta cika mini safa. Mata masu zuwa itace suka yi mini sannu, ɗaya tana gaya wa 'yar uwarta wai soja ne.

Sai na iso gawon. Nan ne inda nake tsayawa in sha ruwa. An aske shi tas. Manyan rassan duk a ƙasa, awaki sun rufe su, wani tsoho na tsaye da gatari a kafaɗa, jikansa na bisa yana ƙarasa na ƙarshe. Raina ya ɓaci kafin ma numfashina ya daidaita.

Na ce, "Sannunku da aiki, Baba. Ina kwananku?" Muka gaisa har da tambayar gajiya da iyali. Sannan na ce, "Baba, da kun bar masa ko kan nan na sama."

Ya dube ni tun daga takalma har goshi. Ya ce, "Ɗana, daga ina?" Na ce daga cikin gari. "Zuwa ina?" Na ce gari zan koma. Ya yi shiru kaɗan, ya nuna wata akuya da ƙashin haƙarƙarinta ke a waje. "Harawa ta ƙare tun da sanyi. Kara ya ƙare. Dusa sai mai kuɗi. Kai in ka sha inuwa ka tafi, mu nan muke kwana da su. Iccen nan a gonata yake, tun yana ɗan tsiro ni na hana a sare shi."

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Shi ya rene shi, gaskiya ne. Duk gawon da ka gani tsaye a gonakin yankin Adar, wani ne ya kewaye shi da garma shekara da shekaru. Kuma ai don irin wannan lokacin ake barin sa: gawo yana fid da ganye da rani, lokacin da daji ya bushe, ya kakkaɓe shi da damina, hatsi ya samu rana da taki a gindinsa. 'Ya'yansa ma abincin bisashe ne. Shi ya sa ake ba da labarin cewa a Damagaram, zamanin Sarki Tanimun, mai sare gawo a bakin ransa yake yi. Duk da haka ban yarda da irin saran yau ba. A rage rassan gefe daban, a tsige itace gaba ɗaya daban. Wanda aka yi wa haka yakan ɗauki shekaru bai ba da 'ya'ya ba, wani kuma ba ya tashi. Na so in faɗa masa, amma wa zai koya wa mai gona gonarsa, ga akuyar a tsaye tana jan ganye? Na miƙa wa yaron dabino, muka yi sallama.

Sauran hanyar ba daɗi. Rana ta buɗe, ruwa ya ƙare tun kafin in fita daga gonaki. Ina wuce ramukan tara ruwan sama da ake kira tassa da rabin wata, da jerin duwatsun tare ruwa, ina tuna aikin Keita da aka fara a 1984, yadda mata suka yi ta dakon dutse a kai don ƙasar nan ta sake yin itace.

Gida, wanka, fura mai sanyi. Ɗan yatsan hagu ya yi bororo. Dogo ya kira da azahar, wai babur ne ya ƙi tashi.

Da yamma na ba Inna labari. Ba ta goyi bayana ba. Ta ce shekarar El-Buhari, lokacin fari da yunwar 1984, da idonta ta ga an tsige itatuwa har ba inda tsuntsu zai sauka, bisashen kuma suka mutu duk da haka, don haka in bar tsoho ya ceci nasa tun da sauran ƙarfinsu. Ban ce komai ba.

Abin da ke damuna, ko damina ta sauka ba zan gane halin da yake ciki ba, tunda lokacin dama ba ya da ganye. Sai bayan kaka za a san ko ya rayu.