Abin da Na Koya a Rumfar Gyaran Keke Kafin Na Bar Ta

A ƙarshen watan jiya na bar rumfar gyaran keken da na daɗe ina aiki a cikinta a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma tun daga ranar abokan sana'a suke tambayata dalili, wasu ma sun riga sun samo mini dalilai iri-iri a bayan idona. Saboda haka na ga ya fi dacewa in rubuta abin da ya faru sau ɗaya in huta. Ba zan tsaya a kan faci da famfo da ɗaurin birki ba, domin duk wanda ya taɓa zama a rumfa ya san su, kuma ba su ne suka fitar da ni ba.

Asalin aikinmu tsofaffin kekuna ne masu taya inci 28 da birkin ƙarfe, irin su Raleigh na Nottingham a Ingila, da Phoenix na Shanghai, da Hero na Ludhiana a Indiya, waɗanda dukkansu giya ɗaya gare su da firwil a baya, wato farantin haƙoran da yake barin taya ta ci gaba da juyawa ko mahayi ya daina taka feda. Bayan an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, mutanen da suka jingine irin waɗannan kekuna a zaure tun da suka sayi babur suka fito da su, muka shiga wanke tsatsa da sauya boris. A daidai lokacin kuma kekunan gwanjo irin na tsere suka yawaita, akasari da na'urar sauya giyarsu a lalace, kuma gyaran da ya fi araha shi ne a cire ta, a rage kaca, a mai da keken mai giya ɗaya. Wannan aiki ni aka bar wa, domin Maigida, mai rumfar, bai ɗauke shi da muhimmanci ba sai da ya ga kuɗin da yake kawowa. Ta nan ne ɗaliban jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha suka fara zuwa da bidiyon YouTube a waya, suna neman a haɗa musu keke mai kafaffiyar giya, wanda suke kira fiksi.

Shi wannan keke babu firwil a cikinsa. Farantin haƙoran baya a ɗaure yake da hob, wato cibiyar wili, saboda haka muddin taya tana juyawa feda ma tana juyawa, kuma mahayi yana iya rage gudu ta hanyar danne feda baya. Gidansa na asali filin tseren keke ne, irin wanda aka gina a filin wasa na ƙasa a Abuja domin gasar wasannin Afirka ta 2003, inda ake hawa ba birki saboda kowa hanya ɗaya ya nufa kuma babu akuya ko Keke Napep da zai gitta. Hob ɗin da aka ƙera domin wannan aiki hawa biyu na tiredi gare shi, wato layukan da ake murɗa abu a kansu ya ɗauru. Na ciki, wanda farantin yake hawa, na dama ne. Na waje ya ɗan fi ƙanƙanta kuma na baibai ne, a kansa ake ɗaura zoben kulle. Idan mahayi ya danne feda baya, farantin zai nemi kwancewa, sai ya tura zoben ta ɓangaren da yake ƙara masa ɗauri. Hob ɗin firwil na yau da kullum tiredi ɗaya kawai gare shi, kuma komai aka ɗaura a kansa hanya ɗaya yake kwancewa.

Wani ɗalibi ya kawo firam mai kyau na gwanjo yana so a mai da shi fiksi, a cire birkin gaba da na baya domin keken ya yi fes kamar na bidiyo, kuma yana son karɓa kafin Juma'a. Ba mu da hob mai hawa biyu, sai an aika Kano, wani lokaci ma a can ba a samu sai Legas. Na faɗa wa Maigida haka a gaban sauran yara, na ce ko dai a jira hob, ko a bar masa firwil, ko kuma aƙalla a bar birki biyun a wurinsu. Ya amsa da cewa: "Kai ka karɓi kuɗin ko ni? Ɗaura faranti, ka sa masa zoben mazaunin feda a bayansa, ka zuba gam, ka bar mini surutun waya." Gaskiya ne zoben yana hawa, domin tiredinsa ɗaya da na firwil, layi 24 a kowane inci. Amma shi ma na dama ne, wato ranar da farantin ya tashi kwancewa tare za su tafi. Na ce: "Maigida, wannan ba zai riƙe ba idan yaron ya danna da ƙarfi." Ya tambaye ni ko ni na koya masa aiki ko shi ya koya mini, sauran yara suka yi dariya, aka rufe maganar. Ni na ɗaura, ni na cire birkin, shi kuma ya miƙa keken ya karɓi cikon kuɗi.

Ba a daɗe ba yaron yana gab da wani shataletale a cikin gari mai Napep ya yanko masa, ya danne feda baya iya ƙarfinsa, faranti da zobe suka warware a lokaci ɗaya, feda ta koma tana juyawa a banza, kuma babu birkin da zai kama. Allah Ya taƙaita, ya tsira da karaya a ƙashin wuya da ƙujewa a fuska. Washegari mahaifinsa ya zo rumfa da keken a bayan mota. Maigida ya tare shi da jaje, ya durƙusa ya duba wilin kamar ranar ya fara ganinsa, sannan ya ɗago ya ce: "Alhaji, ka gafarce mu, yaran zamani ne, na bar masa aiki ban duba ba, ya je ya kwaikwayo abin da ya gani a waya." Alhajin ya dube ni ya ce: "Samari, ka ji tsoron Allah a sana'arka." Yaran da suka ji abin da na faɗa ranar farko suna tsaye a wurin, kowa ya sunkuyar da kai, kuma ban ga laifinsu sosai ba, domin abincinsu a hannunsa yake. Abin da aka bayar na gudummawar magani daga kason aikina aka riƙa cirewa har ya cika.

Kuɗin ba su dame ni kamar yadda maganar ta bazu ba. Har yau akwai masu kekuna a unguwar da suka sanni a matsayin wanda ya kusa kashe ɗan mutane da aikin gwaji, alhali ni kaɗai na buɗe baki kafin a yi aikin. Wanda yake ƙarƙashin wani a wannan sana'a ya kamata ya sani cewa gargaɗin da ya yi a cikin rumfa ba ya zama shaida, domin mai kaya bai ji shi ba, kuma ranar da abu ya lalace hannun da ya riƙe sufana ake nema. Tun daga lokacin, duk aikin da na ga haɗari a cikinsa a gaban mai keken nake faɗa, ko Maigida yana wurin ko ba ya nan. Wannan ne ya ɓata tsakaninmu fiye da komai, domin a ganinsa tona asirin rumfa nake yi.

Ba zan zalunce shi ba, a wurinsa na koyi saƙa wili. Yana iya ɗaukar tsohon wilin Ingila mai sifok 32 a gaba da 40 a baya, ya bi su da yatsa yana sauraron ƙararsu, ya gane wanda ya saki tun kafin ya juya tayar, kuma ban ga wanda ya kai shi wannan a Katsina ba. Sai dai abin da hannunsa bai saba da shi ba, a wurinsa babu shi. Tsofaffin Raleigh na Nottingham tiredin kansu gare su a mazaunin feda da wuyan keke, layi 26 a inci maimakon 24 ɗin da sauran kekuna suke bi, kuma shekara da shekaru ana tura musu kofin boris na wasu kamfanoni da ƙarfin tsiya har tiredin ya cinye, sai a ce tsufa ne, a kai wa mai walda. Ni na riƙa bin gawarwakin kekuna ina cire kofunansu na asali ina adanawa, kuma da su na tayar da wani Raleigh na wani dattijo daga Batagarawa wanda aka riga aka yanke masa hukuncin zuwa wurin 'yan gwangwan. Ranar da dattijon ya zo ɗauka ina bayan rumfa ina wanke hannu da kananzir, ina jin Maigida yana ba shi labarin yadda ya kwana a kan aikin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sauran abubuwan da na koya ba su da dogon labari. Firam ɗin da ramin aksul ɗinsa na baya yake a kwance shi ne ya dace da kafaffiyar giya, domin a nan ne kawai za a iya ja da wili baya a daidaita kaca, kuma kacar ana gwada ta ne a inda ta fi tauri bayan an juya feda zagaye guda, tun da farantin gaba ba ya taɓa zama daidai cif. Kaca mai faɗin ɗaya bisa takwas na inci tana hawa siririn faranti, amma siririyar kacar kekunan tsere ba ta hawa mai kauri. Tayar inci 28 ta tsofaffin kekuna milimita 635 ce, ta kekunan tsere kuwa 622, duk da cewa wasu a cikin na biyun ma 28 ake rubuta musu, kuma mutane da yawa sun yi asarar kuɗi a kasuwa saboda wannan. Mai son tsayawa ta hanyar danne feda har taya ta ja ƙasa ya guji haƙora 48 a farantin gaba da 16 a na baya, domin tayar sau uku cif take juyawa a kowane zagayen feda, wuri ɗaya za ta riƙa ci. Idan ya sa 17, cin zai rarrabu wuri 17. Kada a goge kacar fiksi da tsumma wili yana juyawa, saboda babu firwil ɗin da zai saki yatsan da ya shiga.

Ni kaina fiksi nake hawa, da hob na gaskiya da birkin gaba, kuma ban taɓa jin kunyar birkin ba ko da samari suna yi mini dariya. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, giya ɗaya ta ishi mutum, amma wanda ya nufi Daura a lokacin hunturu, tafiyar kimanin kilomita 80 iska tana dukan fuskarsa, zai gane dalilin da ya sa nake ba mutane shawarar ƙara haƙori ɗaya ko biyu a baya maimakon bin abin da ya fi kyau a hoto.

Yanzu na samu inuwa a hanyar Dutsin-Ma na ajiye akwatin kayana. Ba na haɗa kafaffiyar giya a kan hob mai tiredi ɗaya, ba na kuma sakin keke ba birkin gaba, kuma tuni wasu ɗalibai suka ji wannan sharaɗi suka koma tsohuwar rumfa, inda ba a yi musu gardama. Kofunan Raleigh da na tara suna can, har da abin kwance faranti da na ƙera da hannuna daga guntuwar kaca da ƙarfen da na saya da kuɗina, domin ranar da na zo kwashe kaya Maigida ya ce duk abin da aka yi a ƙarƙashin rufinsa na rumfa ne. Na aika ƙanena karɓowa, aka ce masa in zo da kaina.