Godiya ga waɗanda suka ba maiɗakina jini

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, an sallami maiɗakina daga asibiti, ita da jaririyar suna cikin ƙoshin lafiya. Na fito fili ne in yi godiya, domin yawancin waɗanda suka tsaya mana ko sunayensu ban sani ba.

Daren da ta haihu jini ya ɓalle mata. Likita ya ce sai an ƙara mata leda uku, ga shi jininta rukunin O ne mai alamar ragi, wanda ba ya karɓar kowane jini sai irinsa. Nawa bai dace ba, na ƙannena ma haka. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta kira ƙungiyar 'yan sa-kai masu ba da jini, kafin asuba mutum huɗu sun iso. Ɗayansu saurayi ne, takalmansa wari da wari saboda sauri, yana haki yana tambayar ina za a kwanta.

Akwai abin da ya kamata in faɗa, ko da yana min nauyi. Shekara da shekaru ina ƙin ba da jini. Na sha jin cewa sayar da shi ake yi a bayan fage, na yarda, har na hana wasu. A daren ma zuciyata ba ta kwanta ba, ina ta leƙen inda ake kai ledojin. Wani dattijo cikin 'yan sa-kan ya lura da ni, ya ce, "Ɗana, zo ka gani da idonka." Ya roƙi ma'aikacin ɗakin gwaji ya nuna min lambar da ake liƙa wa kowace leda da littafin da ake shigar da ita. Ya bayyana min cewa kimanin mililita 450 ake ɗiba, kuma ba a sa wa kowa sai an gwada shi don HIV, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Ma'aikatan nan tun can haka suke aikinsu, ni ne ban taɓa tsayawa na duba ba. Abin da ya sa na saki jiki shi ne ganin mutumin da ba a biyansa komai, bai san mu ba, ya naɗe hannun riga ya miƙa wa allura ba tare da ɗar ba. Yardar da ya yi da wurin ita ta jawo tawa. Daga baya na fahimci dalilin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke cewa jinin mai sa-kai ya fi aminci: wanda ba kuɗi ya kawo shi ba, ba shi da dalilin ɓoye cutar da ke jikinsa.

Baba, dattijon da ya kai ni na gani da idona, na gode. Saurayi mai takalma, da sauran biyun, da 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya da ta ɗaga waya, da likita, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifanku. Waɗanda na taɓa hanawa kuma, ku yafe min, ku daina riƙe maganata.

Jinin da aka ajiye ba ya wuce kwana 42, shi ya sa kullum ake neman sabo. Na ba da sunana a ƙungiyar, kuma Baba ya ce shi zai raka ni ranar da zan ba da na farko.