Neman kuɗin bincike kan ƙaura da zaman ƙabilu a Arewacin Kamaru

Ɗalibin digirin dokta a Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere, in ƙaura da zaman ƙabilu zai nazarta, abin nazarin a ƙofar gidansa yake. Sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo tun 2013 yake karɓar 'yan gudun hijira daga Najeriya. A 2021 rikicin ruwa tsakanin Larabawan Shuwa makiyaya da Musgum masunta a yankin Logon-Birni ya sa dubun-dubatar mutane suka haye kogi zuwa Cadi. Abin da ke gagara shi ne kuɗin zuwa, da na zama har mutane su saki jiki su yi magana.

Tun farko a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Cibiyar CODESRIA da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, don masu binciken zamantakewa na Afirka take, kuma tana karɓar takarda da Faransanci. AUF, ƙungiyar jami'o'in da ke aiki da Faransanci, tana da ofishin yanki a Yawunde. IRD, cibiyar binciken ci gaba ta Faransa, galibi ta hanyar haɗin gwiwa da wani rukunin masu bincike ake shiga wurinta, don haka malamin da ke duba aikinka shi ne tsani. Gidauniyar Wenner-Gren ta Amurka tana ɗaukar nauyin aikin fili a fannin nazarin al'adun ɗan Adam ba tare da duba ƙasar mai nema ba, amma da Turanci ake rubuta mata. Akwai kuma irin su Russell Sage, waɗanda sanarwarsu ke cike da zancen ƙaura da launin fata da gibin arziki, alhali al'ummar Amurka kaɗai suke nufi. Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, karanta sharuɗɗan cancanta sau biyu.

Yawancin takardu a wajen tambaya suke faɗuwa. "Tasirin ƙaura a yankin Tafkin Cadi" ba tambaya ba ce, kan magana ne, kuma mai tantancewa ya ga irinsa har ya gaji. Matse ta. Misali: a cikin yaran da aka raba da ƙauyukansu a gundumar Mayo-Sava, su wa ke samun takardar haihuwa, su wa ba sa samu, kuma me ya raba su? Wannan tana da nauyi, domin yaron da ba shi da takardar nan yakan maƙale a jarrabawar kammala firamare. Ka kuma bayyana daga ina za ka zaɓo gidajen da za ka tambaya. Ƙidayar da aka daɗe ana dogaro da ita a Kamaru ta 2005 ce, ta Cadi kuwa ta 2009, duk kafin Boko Haram ta watsa garuruwa. Alƙaluman bin sawun 'yan gudun hijira na IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun fi kusa da halin da ake ciki, sai dai dole ka sake lissafa gidaje da ƙafarka tare da bulama ko jauro.

Sai kasafi, inda gaskiyar mutum ke fitowa. A ce gidaje 300 kake so, da masu tambaya 6, kowa na gama gida 5 a yini. Kwana 10 ke nan a takarda. A fili ka ƙara kwana 3 na horo, 2 na gwajin tambayoyin, da ranakun kasuwa da na Juma'a da ba za ka tarar da masu gida ba. Rabin masu tambayar su zama mata, in ba haka ba cikin gida ba zai buɗu ba, kuma rabin labarin ya tafi. Kuɗin tafinta ma layi ne mai zaman kansa: Hausa da Fillanci za su kai ka kasuwa, amma tsohuwar Mafa ko Kotoko ba za ta zayyana maka yadda ta rasa gonarta da harshen aro ba. Fassara da rubuta hirar awa ɗaya kan ci yini guda, mutane kuwa suna mantawa da shi sai kuɗi ya ƙare.

Wani tarko ƙarami mai ɓata aiki duka: lissafin kuɗi. A kasuwa da dala ake ƙirga, a Cadi da riyal, kowanne sefa biyar. Mai sayar da busasshen kifi ta ce ta samu ɗari biyu, sefa dubu take nufi. In mai tambaya ɗaya ya juya kuɗin zuwa sefa, wani bai juya ba, duk abin da ka ce game da gibin samu tsakanin baƙi da 'yan gari ya rushe. A rubuta a kan takardar tambayoyi da wane ƙirge aka amsa.

Jadawali ya bi damina. Daga Yuli zuwa Oktoba fadamun Logon ruwa ne, hanyar Mora zuwa Kuseri ta Waza ma wahala ce. Izinin bincike daga ma'aikatar binciken kimiyya a Yawunde yake fitowa, a nema da watanni a gaba. Da shi za ka gaida gwamna, da sufurefe (jami'in gwamnati mai kula da yanki), sannan lamido ko sultan. Tsallake ɗaya na iya tsayar da kai a shingen farko.

Sunayen waɗanda aka yi hira da su kada su zauna wuri ɗaya da amsoshinsu, musamman a wayar da za a iya bincikewa a hanya. Lamba a kan amsa, jerin sunaye a kulle a wani wuri dabam. A kuma faɗa wa kowa ƙarara cewa wannan ba rajistar rabon abinci ba ce, don wanda ya zaci taimako na tafe zai ƙara yawan 'ya'ya ya rage yawan awaki.

Tallafin yuro ba ya motsi, yuro ɗaya sefa 655.957 ne, amma na dalar Amurka yana hawa da sauka, sai a bar ɗan rara. Sau da yawa kashi-kashi ake biya, kashi na biyu ba ya fitowa sai an ga rasiɗan na farko. Ɗan acaɓa da mai kwalekwale ba su da rasiɗi. Buga naka ɗan littafin tun daga Marwa, mai gurbin kwanan wata da adadi da sa hannu, ka haɗa da tawadar dangwale.