Man Riɗi da Zancen Kitsen Jini

A hannun kakata na koyi matsar man riɗi a Gumel, tun lokacin da aikina bai wuce tsince tsakuwa a faifai ba. Takan wanke riɗin har sai ruwansa ya fito garau, ta shanya shi a tabarma, sannan ta soya shi sama-sama a kasko, kuma ƙamshi kaɗai ke sanar da ita lokacin saukewa. Yau da inji muke matsa, amma ban rage komai daga wankin da shanyar ba, kuma ba ma bari man ya yi zafi wajen matsa, domin zafi mai yawa yana sauya masa launi da ɗanɗano.

Da yawa cikin masu sayen kayanmu likita ne ya shaida musu cewa kolestarol, wato kitsen da ke taruwa a hanyoyin jini, ya yi musu yawa. Riɗi yana ɗauke da sinadaran tsirrai da ake kira faitositirol, kimanin miligiram 400 a kowane giram 100, waɗanda siffarsu ta yi kama da ta kolestarol, har suna yi masa cunkoso a hanji su rage yawan wanda jiki ke tsotsa. Sai dai ana buƙatar wajen giram 2 na faitositirol a rana kafin mugun nau'in kolestarol ya sauka da kusan kashi 10 cikin 100, kuma cokali biyu na mai ba za su kai nan ba. Shi ya sa nake gaya wa kowa ya yi amfani da man riɗi a girki maimakon kitse da man shanu, amma kada ya ajiye maganin asibiti.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu sirka man riɗi da man girki mai arha, su liƙa takarda mai cewa yana wanke jini tas, su karya farashi, sannan mai saye ya zo yana taya nawa da kuɗin nasu. Haka wasu dillalai ke yayyafa wa riɗi ruwa ko su cuɗa masa yashi don ya ƙara nauyi. Na taɓa buɗe buhu na tarar da tsakiyarsa ta yi fumfuna, na zubar da shi gaba ɗaya. Tun daga ranar nake zuwa wurin manoma da kaina bayan kaka, in cusa hannu har gindin buhu, in tauna ƙwayar kafin a ɗora shi a sikeli.